Yadda Ake Ƙera Tanderun Gasa Fentin Gari a Shago da Yadda Ake Ba Shi Wuta Lafiya

Tun da fentin gari, wato busasshen fenti mai kama da hoda da ake fesa wa ƙarfe sannan a gasa shi ya narke ya kama, ya fara karɓuwa a wurin masu walda da masu gyaran wili a Kano, tambayar da masu karatu suka fi aikowa ita ce ta tanderu: yaya ake ƙera shi, da me ake dumama shi, kuma nawa zai ci. Bindigar fesa garin ana sayenta a haɗe, amma tanderun da ake shigowa da shi ya fi ƙarfin aljihun ƙaramin shago, shi ya sa kowa yake neman ya haɗa nasa. Abu ne mai yiwuwa ga duk wanda ya iya walda kuma yake da ma'aikacin lantarki na kirki a kusa.

Abin da ake nema ga tanderun ɗaya ne: ya kai ƙarfen da aka fesa wa gari zafin digiri 180 zuwa 200 a ma'aunin Salsiyos, ya riƙe shi a haka na minti 10 zuwa 20, gwargwadon abin da kamfanin garin ya rubuta a jikin kwali. Haɗa akwatin ba shi ne mai wuya ba. Inda ake samun asara da gobara shi ne wajen sarrafa zafi, saboda haka a nan zan fi daɗewa.

1. Girman tanderu da ƙarfin wuta

Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, auna abu mafi girma da za ka riƙa gasawa a kai a kai, ba wanda zai zo sau ɗaya a shekara ba. Idan aikinka wilin mota ne, da firam ɗin babur, da ƙafafun kujeru, da ƙananan ƙarafan taga, tanderu mai faɗin ƙafa 3, zurfin ƙafa 3 da tsawon ƙafa 5 daga ciki ya wadatar, kuma da shi zan yi misali har ƙarshe. Ka bar tazarar aƙalla inci 4 tsakanin kaya da bango ta kowane ɓangare domin iska mai zafi ta zagaya.

Lissafin da masu wannan sana'a suka saba bi shi ne wat 100 zuwa 150 ga kowace ƙafa ɗaya ta cikin tanderu, wato faɗi sau zurfi sau tsawo. Namu ya ba da 45, don haka yana buƙatar kimanin kilowat 6. A wutar gida mai volt 230, kilowat 6 yana jan amfiya 26. Wannan lamba ita ce za ta gaya maka gaskiya game da shagonka. Soket na bango mai amfiya 13 iyakar abin da zai ɗauka kilowat 3 ne, ƙaramin janareta kuwa ba ya cikin maganar, sai mai ƙarfin kVA 8 zuwa sama, musamman da yake kwamfuresa ma tana jiran nata kason. Wanda yake Sharaɗa, Bompai ko Challawa kuma wutar lantarki take shigo masa ta layi uku ya samu sauƙi, domin zai raba hita uku, kowace a kan layinta. Wanda yake cikin unguwa inda wuta take zuwa da rauni, gara ya rage girman tanderun ko ya duba maganar gas a mataki na 7.

Gargaɗi: kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙera ƙaton tanderu saboda hangen aikin get, sannan a rasa wutar da za ta dumama shi. Idan ka ninka faɗi da zurfi da tsawo kowanne sau biyu, cikin ya ninku sau takwas, ba sau biyu ba.

2. Wurin da za a girke shi

A girke shi a kan daɓen siminti, da tazarar aƙalla mita ɗaya daga bango da duk abin da zai iya kama wuta, a wurin da iska take shiga tana fita. Kada ya zauna a ƙarƙashin rufin leda, zana ko silin katako mai kusa. Wurin fesa gari ya kasance daban da wurin gashi, ko da labulen ƙarfe ne ya raba su, domin garin fenti idan ya tashi ya cika iska yana kamawa da wuta nan take. Fetur, tina da galan-galan na fentin ruwa su koma wani ɗaki. Haka kuma a yi la'akari da ƙurar hunturu: ƙofar tanderu kada ta fuskanci inda iska take kaɗowa, domin duk ƙurar da ta sauka a kan garin da bai gasu ba za ta zauna a cikin fentin har abada.

3. Kayan aiki da kuɗinsu

Ƙarafa ana samunsu a Ƙofar Ruwa, kayan lantarki kuma a Sabon Gari. Za ka buƙaci angul ko bututu mai kusurwa huɗu na firam, da baƙin fallen ƙarfe mai kaurin milimita 1 na bangon ciki, da wani wanda ya fi shi siranta na bangon waje. Sai audugar dutse, wato abin da ake cusawa a bango don ya riƙe zafi, mai kaurin inci 4, ko mai inci 2 a ninka ta biyu, da igiyar zaren gilashi ta bakin ƙofa, da ribit na ƙarfe, da hinji uku masu ƙarfi. A ɓangaren wuta: hita uku irin ta murhun girki na lantarki, kowace kilowat 2, kwanturolar zafi irin ta PID (na'urar da take riƙe zafi a lambar da aka saita) da tsinken awon zafinta samfurin K, rilen SSR (makunnin da kwanturola take kunna hita da kashe ta da shi) da ƙarfen sanyaya shi, kontakta (babban makunnin da yake haɗa wuta ko ya yanke ta), makashin zafi mai zaman kansa (mai yanke wuta idan zafi ya wuce kima), bireka mai amfiya 32, wayar tagulla mai kaurin 6 mm², waya mai jure zafi mai rigar zaren gilashi, mahaɗan waya na tangaran, da motar fanka mai dogon sanda da fiffiken ƙarfe.

Farashin ƙarfe da waya yana motsi da canjin dala, saboda haka ka zaga ka tambayi farashin komai a rana ɗaya kafin ka fara saye, kada ka tsaya a tsakiyar aiki. Ƙarfe da audugar dutse su ne suka fi cin kuɗi. Kayan sarrafa zafi su ne mafi ƙarancin kaso, kuma abin takaici su ne mutane suka fi yi wa rowa. Idan dole ne a rage kuɗi, a rage a bangon waje, ko da tsohon kwano ne mai kyau zai yi. Ba a ragewa a waya, ba a ragewa a makashin zafi.

Kuɗin gudanarwa yana da sauƙin lissafi. Dumama kilo 50 na ƙarfe daga digiri 30 zuwa 200 yana cin yunit ɗaya da ɗan ɗori, bangon cikin tanderun shi ma kusan haka, sauran kuma zafin da yake sulalewa ne. Gashi na farko daga sanyi zai ci yunit 4 zuwa 6. Tun watan Afrilun 2024, lokacin da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin rukunin A, wato na waɗanda aka fi ba wa wuta, zuwa naira 225 kan kowane yunit kafin a ɗan rage shi daga baya, masu wannan rukuni suna biyan sama da naira 200, don haka gashi ɗaya yana cin kimanin naira dubu. Gashi na biyu da na uku sun fi araha saboda tanderun ya riga ya ɗauki zafi, shi ya sa tara aiki a gasa a jere ya fi riba.

Gargaɗi: kada a yi amfani da gangar jikin tsohon firji. Kumfar da ke cikin bangonsa ba ta jure zafi, tana ci da wuta, kuma hayaƙinta guba ne. Haka soso, farin kumfan da ake naɗe kaya da shi, katako da kwali. Silin asbestos ma a bar shi, domin ƙurarsa idan aka yanka tana jawo cutar huhu da sankara bayan shekaru.

4. Firam da bango

A fara da firam ɗin waje. Tun da ciki ƙafa 3 ne kuma auduga inci 4 ce ta kowane gefe, faɗin waje zai zama ƙafa 3 da inci 8, zurfi haka, tsawo ƙafa 5 da inci 8. A ɗaga shi daga ƙasa da ƙafafu masu inci 6, ko tayoyin ƙarfe idan ana son tura shi. A auna kusurwa zuwa kusurwa kafin a kammala walda, domin firam ɗin da ya karkace ƙofarsa ba za ta taɓa rufuwa daidai ba.

Bayan haka a haɗa akwatin ciki. A nan akwai abin da masu walda da yawa ba sa kula da shi: ƙarfe yana miƙewa da zafi. Falle mai tsawon ƙafa 5 yana ƙaruwa da kimanin milimita 3 idan ya kai digiri 200. Idan aka bi shi da walda ta ko'ina aka ɗaure shi da firam, zai kumbura, ya lanƙwashe, ya riƙa ƙara duk lokacin da ya ɗauki zafi. A kama shi da ribit na ƙarfe a cikin huji mai ɗan yalwa, kuma a rage wuraren da akwatin ciki yake taɓa firam ɗin waje iya yiwuwa, domin duk inda ƙarfe ya haɗa ciki da waje, ta nan zafi yake gudu. A saman ciki a gitta sanduna biyu ko uku na rataye kaya, a tabbatar nauyinsu yana kan ƙarfe mai ƙarfi, ba a kan falle ba.

Sai a cusa audugar dutse a gefe uku, da sama, da ƙasa. Ƙasan ne ake yawan mantawa. A yanka ta da wuƙa ta shiga cif, kada a danne ta har ta takure, kada kuma a bar rami. Idan falle biyu ake ninkawa, a saɓa mahaɗarsu. Tanderu irin namu mai auduga inci 4 yana asarar abin da ya kai kilowat ɗaya idan ya ɗauki zafi. Da inci 2 asarar ta kusa ninkuwa, kuma wannan kuɗi ne da za ka riƙa biya kullum. Kafin a rufe bangon waje a huda wuraren da wayoyin hita, sandan fanka da tsinken awo za su bi, a kuma fitar da ƙaramin bututun hayaƙi mai faɗin inci 2 ta sama zuwa waje.

Gargaɗi: mai aikin auduga ya sa takunkumi, tabarau, safar hannu da riga mai dogon hannu. Idan an yi amfani da farin ƙarfe mai rufin zinki a waje, kada a yi masa walda a rufaffen wuri, domin farin hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. A ciki kuwa baƙin falle ya fi, tun da digiri 200 shi ne kusan iyakar abin da rufin zinki yake jurewa na dogon lokaci.

5. Ƙofa

Ƙofa ita ma bango ce: falle biyu da auduga inci 4 a tsakiya, a kan hinji uku saboda nauyi. A zagaye bakinta da igiyar zaren gilashi, ba roba ba. Gwajin yana da sauƙi: a rufe ƙofar a kan takarda, a ja; inda takardar ta zare ba wuya, nan zafi zai fita.

Makullin ya zama mai sifirin ko wani abu da zai saki idan aka tura da ƙarfi daga ciki, ba sakata ko kwaɗo ba. Idan wani tururi ya kama wuta a ciki, gara ƙofa ta buɗe da kanta da a ce akwatin ya tarwatse. Idan kuma tanderun ya kai girman da mutum zai shiga, wajibi ne a iya buɗe shi daga ciki, kuma a riƙa leƙawa kafin a rufe, saboda yaran shago da na unguwa.

6. Hita, fanka da haɗa wuta

A ɗaura hita a ƙasan bangon gefe biyu da na baya, inci 4 zuwa 6 daga daɓen tanderu, da tazarar inci 2 daga falle. Ba a shimfiɗa su a daɓe, domin gari yana zuba kuma ƙugiya tana iya sakin kaya. A gaban kowace a sa garkuwar falle mai buɗaɗɗen sama da ƙasa, daga ragowar yankan da aka yi. Ba tare da ita ba, gefen kayan da yake kallon hita zai ƙone alhali ɗaya gefen bai narke ba. Bakin hita da mahaɗan tangaran su fito bayan bangon ciki, a rufe su da murfin ƙarfe yadda hannu ba zai kai ba.

Zafi yana taruwa a sama, shi ya sa tanderu mai tsawon ƙafa 5 ba ya yi sai da fanka. Motar tana zama a waje, sandan ya ratsa bango, fiffiken ƙarfe kaɗai ne a ciki. Kada iskar ta yi ƙarfin da za ta kakkaɓe gari daga jikin kaya kafin ya narke. Tsinken awon zafi a sa shi a tsakiyar tsawon tanderu, ya shigo inci 3 zuwa 4, nesa da hita kuma ba ya taɓa bango.

Haɗa wayoyin aikin ma'aikacin lantarki ne wanda ya san aikinsa, kuma ga jerin da za ka tabbatar ya bi. Wuta tana fitowa daga allon raba wuta ta layinta na kanta, ta bireka mai amfiya 32 da makashin da yake yanke wuta idan ta zurara cikin ƙarfe, ta shiga kontakta, daga nan ta bi SSR, sannan ta isa hita. Kwanturola tana karanta zafi tana kunna SSR tana kashewa. Makashin zafi mai zaman kansa, wanda yake da nasa tsinken daban, shi yake riƙe da kontakta: a saita shi a digiri 230 zuwa 240, kuma ya zama irin wanda idan ya yanke ba ya dawowa sai an danna da hannu. A haɗa fanka ta yadda hita ba za ta kama ba sai fankar tana juyawa.

Dalilin wannan makashi na biyu shi ne abin da nake so kowa ya fahimta. SSR idan ya lalace, mafi yawan lokuta a kunne yake mutuwa. Kwanturola za ta riƙa ba da umarnin kashewa, wuta kuwa tana ci gaba da wucewa, zafi yana hawa har fenti ya kama. Haka idan tsinken awo ya zame ya fito waje, kwanturola za ta ɗauka tanderun ya huce ta saki wuta gaba ɗaya. A duka biyun babu abin da zai tsayar da shi sai makashin nan. Tanderun da ba shi da shi, a ganina bai kammalu ba, kuma bai kamata a kunna shi ba.

Game da SSR, araha ba ta ado: kasuwa cike take da na jabu waɗanda aka rubuta wa amfiya 40 alhali ba sa ɗaukar rabin haka. Ko dai a sayi mai amfiya 60 zuwa sama, ko a ba kowace hita nata, tun da kowace amfiya 9 kawai take ja. A amfiya 26 yana fitar da zafin da ya kai wat 30, saboda haka dole a ɗaura shi a kan ƙarfen sanyaya, a cikin akwatin da ba ya manne da jikin tanderu. A bazarar Kano, lokacin da zafin rana yake haura digiri 40, ƙaramar fanka a cikin akwatin ba almubazzaranci ba ce.

Gargaɗi: a haɗa firam, ƙofa, akwatin wuta da motar fanka da wayar ƙasa zuwa sandan tagulla da aka kafa a ƙasa mai danshi. Waya mai rigar roba ba ta kusantar bangon ciki. A kankare bakin wayar da aka sayo a duba, domin akwai alminiyam da ake shafa wa launin tagulla. Idan nisa daga allon wuta ya yi yawa, a ƙara kaurin waya zuwa 10 mm².

7. Idan da gas za a dumama

Na san halin wuta a Kano, kuma na san da yawa gas za su zaɓa. Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da zafin da ya kai kimanin yunit 13 na lantarki, ko da yake wani kaso yana bin bututun hayaƙi. Amma haɗarinsa ya fi na lantarki nesa ba kusa ba. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa, kuma yana fashewa da zarar ya kai kashi 2 cikin 100 na iskar wuri. A tanderu irin namu wannan bai wuce giram 50 zuwa 60 ba, abin da murhun da harshensa ya mutu zai zubar cikin 'yan mintuna.

Saboda haka murhun ya zauna a ɗakinsa a ƙarƙashin tanderu, mai ƙofofin iska a buɗe, da farantin ƙarfe mai kauri a samansa wanda zai hana harshen wuta taɓa kaya, kuma bututun hayaƙi ya ƙaru zuwa inci 4 ya fita bayan rufi. Wajibi ne a sa bawul ɗin tsaro mai tsinken da yake jin harshen wuta, wanda yake rufe gas da kansa idan wutar ta mutu. Tukunyar gas ta tsaya a tsaye, a waje, a inuwa, aƙalla mita 3 daga tanderu. Kusa da murhu bututun ƙarfe ko na tagulla ake sawa. Tiyon roba na gas yana tsayawa a ɓangaren tukunya, a ɗaure da kilif. A gwada kowace mahaɗa da ruwan sabulu, ba da ashana ba.

Jerin kunnawa ba ya canzawa: a buɗe ƙofar tanderu da ta ɗakin murhu na minti 5, a shinshina, a kawo wuta bakin murhu, sannan a buɗe gas. Idan bai kama ba cikin 'yan daƙiƙoƙi, ko ya mutu a tsakiyar aiki, a rufe gas daga tukunya a sake jira minti 5. Harshen wuta ya zama shuɗi. Ja ko rawaya yana nufin iska ta yi kaɗan, kuma a nan ne ake samun iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Ciwon kai, jiri ko tashin zuciya a wurin aiki alama ce ta a kashe a fita waje nan take.

Gawayi da itace ban ba da shawararsu ba ko kaɗan. Ba a iya riƙe zafinsu a lamba ɗaya, tokarsu tana ɓata fenti, hayaƙinsu kuma yana kisa a rufaffen shago.

8. Gashin farko, babu komai a ciki

Kafin kowane kaya ya shiga, a goge cikin tanderu daga mai da ƙura, a kunna shi wayam. A kai shi digiri 100 a riƙe rabin awa, sannan 150 na wani rabin awa, sannan 200 na awa ɗaya ko biyu. Zai yi hayaƙi da wari daga man da ke jikin falle da ƙaron da ke riƙe da auduga, saboda haka a buɗe shago sosai. Idan kwanturolar tana da tsarin daidaita kanta, a nan ake kunna shi.

A auna zafi a sama, tsakiya da ƙasa. Bambancin kada ya wuce digiri 10, in ya wuce a gyara fanka ko garkuwa. A kusantar da bayan hannu ga bangon waje: ɗumi ba laifi, amma inda ya yi zafin da ba ya taɓuwa akwai rami a auduga. A gwada makashin zafi da gangan, a sauke lambarsa ƙasa da zafin da tanderun yake kai a ga ko kontakta ta saki, sannan a mayar da ita. Bayan ya huce, a yanke wuta daga bireka a sake ɗaure duk sukurorin waya, domin zafi yana sassauta su, kuma sakakkiyar mahaɗa ita ce mafarin yawancin gobarar lantarki.

9. Gashin kaya

A cire duk abin da ba ƙarfe ba: taya, roba, boris, giris, leda. A wanke mai, a kankare tsatsa. Ƙarfen zubi da wilin alminiyam a fara gasa su ba fenti na kimanin rabin awa domin iska da man da ke cikin ƙananan ramukan jikinsu su fita, in ba haka ba fentin zai yi ƙuraje. Da damina a riƙa zubar da ruwan tankin kwamfuresa kullum, a kuma ajiye garin a rufe a wuri mai sanyi.

Lokacin gashi yana farawa ne daga sa'ar da ƙarfen kansa ya kai zafin da ake so, ba daga sa'ar da kwanturola ta nuna 200 ba. Siririn falle yana kaiwa cikin 'yan mintuna, wili mai kauri yana iya ɗaukar minti 20 ko fiye. Hanya mafi inganci ita ce a maƙala tsinken awo na biyu a jikin guntun ƙarfe mai kauri ɗaya da kayan, a rataye su tare. Fentin da bai gasu ba yana sheƙi kamar ya yi, amma yana ɓarewa da ɗan bugu. Wanda ya wuce kima kuwa yana dushewa, fari ya koma rawaya. Domin tabbatarwa, a rataye ɗan guntun gwaji a kowane gashi, bayan ya huce a tsaga shi da reza a gicciye a manna salatif a fizge, a ga ko fentin zai biyo shi. Idan an ɗauke wuta a tsakiya, kada a taɓa kayan. Idan ta dawo a sake kai su zafin a cika lokacin.

Gargaɗi: wannan tanderu na fentin gari ne kaɗai. Fentin ruwa mai tina ba ya shiga, domin tururinsa yana fashewa idan ya haɗu da jar hita. Tankin fetur da aka taɓa zuba wa mai, shok ɗin mota ko na babur, da duk bututun da aka toshe bakinsa biyu ba sa shiga. Bututun a huda shi tukuna. Abinci ma ba ya shiga, ko ɗumame ne, kuma maigidan shago ya faɗa wa yaransa wannan da bakinsa tun ranar farko.

Wajen buɗewa a tsaya a bayan ƙofa, a ɗan sassauta ta zafin farko ya fita, a ɗauki kaya da ƙugiya da safar walda mai tsawo. Ba a barin tanderu a kunne babu kowa, saboda haka a tsara gashi ya faɗa tsakanin salloli, ko a yi karɓa-karɓa wajen tafiya masallaci. A rataye tukunyar kashe gobara mai hoda kusa da ƙofar fita, ba a jikin tanderu ba. Idan wuta ta kama a ciki, a yanke bireka ko a rufe gas, a bar ƙofar a rufe domin kada iska ta ƙara mata ƙarfi, kada a watsa ruwa a kan lantarki, a fitar da mutane a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta 112. Wanda ya ƙone a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai gudu, ba ƙanƙara ba, na minti 20, kada a shafa man goge baki, ƙwai ko manja, a rufe da tsaftataccen ƙyalle, kuma idan ƙunar ta kai faɗin tafin hannu ko ta taɓa fuska, hannu ko gaɓa, a wuce asibiti.

Sau ɗaya a wata, a share garin da ya zuba a daɓen tanderu, a duba igiyar ƙofa, a sake gwada makashin zafi kamar yadda aka yi a mataki na 8, masu gas kuma su sake bin mahaɗai da ruwan sabulu su canza tiyon da ya fara tsagewa.